Saura Kilomita 40 Mu Shiga Kurduba

Ranar Asabar 14 ga Agusta, 2021, wajen ƙarfe uku na rana, ina durƙushe a gindin wani zaitun a gefen babbar hanyar A-4 a kudancin Sifaniya. Mayafin matata ne a hannuna, ina jiƙa shi da ɗan ruwan da ya rage mana ina shafa wa 'yata a wuya da goshi. Shekarunta tara a lokacin. Ta yi amai sau biyu, idanunta sun yi laushi, in na kira ta sai ta ɗaga gira kawai. Motarmu na can bakin kwalta, tururi na fita ta ƙarƙashin bonet. Daga baya muka ji cewa a ranar an auna zafin digiri 47.4 a Montoro, garin da muke hangowa, a La Rambla kuma, duk cikin lardin Kurduba, ya kai 47.6, zafin da ba a taɓa auna irinsa a ƙasar ba.

Duk wanda na ba labarin nan sai ya ce mini tsautsayi ne, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Amma akwai abin da idona ya gani tun kafin mu bar gida, na rufe bakina a kansa, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Ni haifaffen ƙasar Kura ne a jihar Kano. Mahaifina malamin zaure ne. In yana karatu da manyan ɗalibansa bayan la'asar nakan ji yana cewa Kurdubi ya ce kaza, Kurdubi ya rinjayar da kaza. Wata rana na tambaye shi ina ne garin mutumin nan. Ya ɗaga carbinsa ya nuna arewa, ya ce Kurduba, a Andalus, bayan hamada, bayan teku. Ina ɗan shekara 14 ya rasu, Allah ya jiƙansa. Da abubuwa suka yi mana tsanani, kawuna ya kai ni wurin wani direba abokinsa, na zama yaron mota.

J5 ce, fara, ta sha duniya. Da rani mu yi lodin tumatir a Kwanar Gafan, kwando kan kwando har rufi, mu kama hanyar Legas da yamma. Zariya, Kaduna, Tegina, Mokwa, gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Badun, sai kasuwar Mile 12. Tumatir ba ya jiran kowa, in ka yi jinkiri a hanya ruwa za ka sauke. Aikina ɗaure igiya, sa waiji, zuba ruwa a lagireto, canza taya, da yi wa maigida hira don kada barci ya ɗauke shi. Maigidan nan nawa bai yi boko ba ko na kwana ɗaya, amma ban taɓa ganin mai kunne irinsa ba. Da mun tunkari hawa sai ya kashe rediyo, ya ɗan karkatar da kai yana sauraron inji. Yakan ce mini, "Yaro, mota ba ta mutuwa sai ta yi sallama. Wanda ya ƙi amsa mata shi ke kwana a daji."

Shekara uku na yi da shi, sannan Allah ya buɗe mini hanyar komawa makaranta. Na karanta Faransanci, na zo Faransa a 2005, na samu aikin lissafi a Orléans, na yi aure, muka haifi namiji da mace. Namijin sunan mahaifina ya ci, Babana nake ce masa. Macen sunan mahaifiyata, ita ce Uwata. Ban taɓa gaya musu na yi yaron mota ba. A tasha "karen mota" ake ce mana, kuma kalmar ta daɗe tana yi mini ciwo.

Bayan kullen korona, da muka gaji da zaman ɗaki, na ci karo da tallar motar a intanet. Irin motocin nan ne masu ɗaki a baya, waɗanda Faransawa ke kira kamfin-kar: gado a saman kan direba, teburin cin abinci da ke komawa gado da dare, murhun gas mai kai biyu, ƙaramin firji, ɗan banɗaki, da tankin ruwa. Ƙirar 1986. Da na duba gabanta a hoton sai gabana ya faɗi, domin J5 ce. Fuskar nan, fitilun nan, giya a jikin sitiyari, safayar taya a cikin bonet saman inji. Peugeot ta fara fitar da ita a 1981, a wata masana'anta a Italiya inda ake ƙera ta tare da 'yan uwanta Citroën C25 da Fiat Ducato, kuma a shekarun 1980 a kan irin waɗannan motoci aka ɗora ɗimbin ɗakunan yawon da suka cika Faransa. Na ce a raina wannan ai tawa ce, na san ta ciki da bai.

A nan kuskurena na farko yake. Wadda na sani a Kano mai fetur ce, injinta dangin na 504, kafireto da fulogi, abin da kowane bakanike a gefen hanya zai kwance ya ɗaure. Wannan kuwa mai dizal ce, inji lita 2.5 wanda asalinsa na Citroën ne, ƙarfin doki 75 kacal, ga ɗaki guda a bayanta. Dizal ba shi da fulogi, matse iska yake yi fiye da ninki 20 har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Duk wannan matsi a kan gaskit yake sauka, wato shimfiɗar da ke tsakanin gangar inji da kansa.

Wata tsohuwa ce ta sayar mini, a wani ƙauye kudu da kogin Loire. Motar mijinta ce, ya rasu, ta shekara shida a rumfa ba a tayar da ita ba sai jefi-jefi. Matar nan ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ba ni wani littafi mai baƙin bango wanda marigayin ke rubuta duk abin da aka yi wa motar, da kwanan wata da yawan kilomita. Ta buɗe shafin ƙarshe ta ɗora yatsa a kai. Ya rubuta cewa ruwan lagireto yana raguwa kaɗan, bai gano ta inda yake zuba ba, a duba. Daga nan bai sake rubuta komai ba.

Na biya Yuro 4,500. Motar ta ci gwajin lafiyar mota na hukuma, amma masu gwajin ba sa kwance inji, abin da ke a fili suke dubawa. Na canza baƙin mai, na sa sababbin tayoyi da batir. Mako biyu kafin tafiya, da sassafe, na buɗe murfin robar ruwa na tayar da inji. Na ga ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, ba sa tsayawa. Na matsa babban tiyon lagireto, na ji shi da tauri kamar sanda alhali inji bai yi zafi ba. Na san ma'anar wannan tun ina ɗan shekara 15: hayaƙi ne ke ɓullowa ta gaskit yana shiga cikin ruwa. Gyaran zai ci kusan rabin kuɗin motar, ga garejoji na shirin rufewa saboda hutun Agusta, ga yara sun riga sun liƙa taswirar Andalus a bangon ɗakinsu. Sai na sayi wani ruwan toshe ɓula a kwalba, na juye a ciki, na rufe murfi, na ɗauke baƙin littafin na tura ƙarƙashin kujerar direba.

Mun tashi ranar Asabar 7 ga Agusta bayan sallar asuba. Ranar farko lafiya lau har Clermont-Ferrand. Matata ta dafa shinkafa da miya a kan murhun nan, muka ci a bakin wata gona, yara na ta murna wai gidanmu yana tafiya. Ban manta daɗin wannan yammacin ba.

Washegari muka hau hanyar A75, wadda ke ratsa duwatsun tsakiyar Faransa. Hawa ne mai tsawo, kafin Saint-Flour sai ka kai sama da mita 1,100. Motar na giya ta uku tana nishi, manyan motoci na wuce mu, allurar zafi ta fara hawa. Na kasa kunne ban ji fanka ta tashi ba. Na kunna na'urar ɗumama mota har ƙarshe, domin tana da nata ƙaramin lagireton da ke janye zafi daga inji, muka lallaɓa har wurin hutun da ke kallon gadar Garabit, jar gadar jirgin ƙasan nan da kamfanin Eiffel ya gina a shekarun 1880. Yara suka tafi kallon gada da mahaifiyarsu. Ni kuma na jira inji ya huce, don wanda ya taɓa ganin fuskar da ruwan lagireto ya ƙona ba ya gaggawar buɗe murfi. Matsalar ƙarama ce. Akwai ɗan maɓalli ɗaure a jikin lagireto, in ruwa ya yi zafi shi ke haɗa wa fanka wuta, shi ne ya mutu. Na zare wayoyinsa biyu na haɗe su da guntuwar waya, fanka ta kama juyi ba tsayawa. Na ƙara ruwa kusan lita ɗaya. Da suka dawo na ce an gama.

Ranar Litinin muka haye gadar Millau, wadda aka buɗe a 2004, tsawonta kusan kilomita biyu da rabi, kana tafiya kwari na can ƙasa kamar daga jirgin sama kake leƙe. Bayan ta sai tudun Larzac, fili fetal. Daga nan hanya ke zubewa ƙasa zuwa Lodève, daga sama da mita 700 zuwa ƙasa da 200 cikin 'yar tafiya kaɗan, ta cikin ramin dutse da kwanoni.

Na shiga gangarar da giya ta huɗu, ƙafata a kan birki. Tankin ruwa a cike yake, ga tukunyar gas, ga kayan abinci, ga mutum huɗu. Maigidana bai taɓa sauka gangara da lodi a babbar giya ba, da giyar da ya hau da ita yake sauka. Bayan mun fito daga ramin dutsen na ji birkin ya fara laushi, kamar na taka soso. Na sake takawa, ƙafata ta tafi har ƙasa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Cikina ya ɗuri ruwa. Na shiga buga birkin da sauri da sauri har ya ɗan kama, na dawo giya ta uku, inji ya yi kuka, na sake bugawa, na danna ta biyu da ƙarfi, na riƙa jan birkin hannu kaɗan-kaɗan ina saki don kada tayoyin baya su kulle. Matata ba ta yi ihu ba. Na ji ta tana maimaita "Hasbunallahu wa ni'imal wakil" a hankali, hannunta ɗaya a miƙe baya wajen yara. Allah ya sa akwai wurin raɓewa a gaba, muka tsaya, warin ƙuna ya cika motar.

Muka sa rigunan nan masu ƙyalli, muka tsallaka bayan shingen ƙarfe kamar yadda doka ta ce, na kira janwe. A manyan hanyoyin Faransa ba kowa ke da izinin jan mota ba sai wanda hukuma ta amince da shi, don haka muka jira. Kafin ya iso na koma na taka birkin, na ji ya dawo da taurinsa kamar ba abin da ya faru. Wannan shi ne haɗarin abin. Man birki yana shan laimar iska a hankali shekara da shekaru. Sabon mai irin DOT 4 ba ya tafasa sai ya haura digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. A doguwar gangara birki ya yi zafi, man ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai ka taka ka ji wayam. In ya huce ya koma ruwa, ka ɗauka lafiya. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Da bakaniken ya zuƙo namu a kwalba, baƙi ƙirin ya fito kamar shayin da ya kwana. A littafin marigayin, canjin ƙarshe ya haura shekara tara.

Daren nan muna kwance a harabar garejin, yara sun yi barci a gadon sama, matata ta ce, "Malam, mu koma gida."

Na ce ai an gano matsalar, gobe za a gyara, kuma babu sauran gangara irin wannan.

Ta yi shiru can, sannan ta juyo ta dube ni. "Tsakaninka da Allah, akwai sauran abin da ka sani game da motar nan wanda ban sani ba?"

Na ce babu.

Shekara 14 muna tare ban taɓa kallon idonta na yi mata ƙarya irin wannan ba. Ta ce to, Allah ya tsare, ta ja bargo.

Muka shiga Sifaniya ranar Laraba, muka bi gaɓar teku ta Barcelona har Valencia, sannan muka yanki cikin ƙasa. Kowace safiya nakan riga kowa tashi, in yi alwala, in buɗe bonet a hankali in ƙara ruwa kafin su farka. Rabin lita, lita ɗaya, ranar Juma'a har lita biyu. In na tayar da inji farin hayaƙi ya fito ta salansa mai ɗan zaƙi-zaƙi a hanci, ya ɗauki mintuna kafin ya washe. A filayen inabin La Mancha, kusa da Tomelloso, motar ta fara shaƙewa ta mutu. Wannan karon dattin tanki ne, baƙar yauƙin da ke taruwa a dizal in ya daɗe a ajiye, ya toshe matatar mai. Marigayin ya bar sabuwa a akwatin kayan aiki. Na canza, na buga ɗan famfon hannu har mai ya cika, na sassauta bututun nozul iska ta fita, inji ya tashi. Yara suka tafa. Babana ya ce, "Baba, a ina ka koyi wannan?" Na ce a hanya. Tafin nan ya ƙara mini ƙarfin halin da bai kamata in samu ba.

Daren Juma'a, wayewar Asabar, mun kwana kusa da mashigar Despeñaperros, ƙofar Andalus. Tun ƙarfe tara na safe iska ta zama kamar ta bakin tanda. Mai kula da wurin ya nuna mini wayarsa, jan gargaɗi ne na zafi, ya yi mini alama da hannu cewa in jira dare. Matata ma ta ce mu bari rana ta faɗi. Ni da na yi shekara uku ina ganin maigidana yana shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota a Mokwa yana jiran la'asar, ni ne na ce kilomita 150 ne kawai, kafin zafi ya yi tsanani mun isa. So nake motar ta kai mu Kurduba kafin ta fallasa ni. In ta mutu a can sai in ce tsufa ne.

Har Bailén gangara ce, ba matsala. Bayan Andújar allura ta tashi. Na sake kunna na'urar ɗumama mota har ƙarshe. Motar ba ta da na'urar sanyaya iska, ɗakin baya kuwa akwati ne na roba da gwangwani wanda rana ke duka ta sama da gefe, ga shi na ƙara hura musu wutar inji. Uwata ta ce kanta na ciwo. Na ce ta yi haƙuri mun kusa. Can sai na ga allurar ta faɗo ƙasa da kanta. Wanda bai sani ba zai yi hamdala. Ni na san ruwan ne ya ƙare, abin awon ya rasa abin da zai auna. A nan ya kamata in kashe inji ko a tsakiyar ina ne. Na ci gaba, wai in kai mafita ta gaba. Ba mu yi kilomita uku ba ƙarfi ya ɗauke, farin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, inji ya yi wata ƙara kamar ana kaɗa duwatsu a gwangwani, ya yi shiru. Da na waiwaya, Uwata ta zame daga kan kujera, yayanta na riƙe da ita.

Na kira 112, lambar agajin gaggawa. Kafin motar asibiti ta iso wata babbar mota ta tsaya a gabanmu. Direban ya sauko da gudu, ya ga hijabin matata ya yi sallama. Ɗan Maroko ne, yana kan hanyar Algeciras. Bai tsaya tambaya ba, ya ɗauki yarinyar cak ya sa ta a gaban motarsa inda sanyi ke busawa, ya ciro ruwa mai sanyi daga firjinsa, ya ce a ba ta kaɗan-kaɗan. Ya zauna da mu har 'yan sandan Guardia Civil da masu agaji suka zo. Ban san sunansa ba, ban karɓi lambarsa ba. Har yau ba na sallar asuba ban sa shi a addu'a ba.

An yi mata ƙarin ruwa leda biyu. Likitar ta ce mun yi sa'a da aka sanyaya ta da wuri. Wajen sha ɗaya na dare, tana barci, muna zaune da matata a kan benci a baranda, na gaya mata komai: shafin ƙarshe na littafin, kumfan da na gani, kwalbar da na juye, ruwan da nake ƙarawa a ɓoye, da allurar da ta faɗi na ƙi tsayawa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Na tambaye ka da Allah, Malam. Da ka faɗa mini gaskiya, da na zaɓa wa 'ya'yana." Ta tashi ta koma wurin yarinyar. Kwana uku ba ta ce mini komai ba sai abin da ya zama dole.

Garejin da aka kai motar bai buɗe ba sai ranar Talata, saboda hutun tsakiyar Agusta. Mai garejin dattijo ne mai furfura, ba ya jin Faransanci, ni ba na jin yarensu. Na ɗauki sifana na nuna ƙirjina na nuna inji. Ya dubi hannuna, ya miƙo mini tsohuwar rigar aiki. Tare muka kwance kan injin. Gangar injin nan ƙarfe ce, kan kuma alminiyam, zafi ba ya buɗa su daidai da juna, in ya yi yawa sai kan ya lanƙwashe. Dattijon ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kai ya haska tocila ta baya, haske ya ratso ta ƙasa. Ya juya shi ya nuna mini wata siririyar tsaga kamar gashi tsakanin bawul biyu. Gaskit ɗin ya cinye a wuri ɗaya, faɗin yatsa. Abin da gaskit kaɗai zai gyara a Orléans ya koma sai an nemo wani kan injin.

Masu inshora suka ce kuɗin mayar da motar Faransa ya fi darajarta, in sa hannu a kai ta wurin 'yan gwangwan. Na kai wa matata maganar, na ce duk abin da ta yanke shi za a yi. Ta ce in gyara ko in yar, wannan ni ya shafa, amma ita da Uwata jirgin ƙasa za su hau. Dattijon ya yi ta buga waya har aka samo kan injin C25 a wata makabartar motoci, na tuna Ƙofar Ruwa da yadda muke yini muna neman kayan Beljiyam. Aka kai shi aka gwada, aka goge fuskarsa ta miƙe.

Babana ne ya riƙa bina garejin. Da farko yana tsaye a bakin ƙofa, daga baya ya fara miƙo sifana, ya koyi bambanta mai lamba 13 da mai 17 da ido. Ranar da za mu ɗaure kan, dattijon ya zana masa tsarin a kan kwali: daga tsakiya ake farawa, a riƙa zagayawa zuwa waje, zagaye bayan zagaye, da sifana mai awo, don matsin ya kwanta daidai. Yaron na riƙe da kwalin yana kiran lamba, ni ina ɗaurewa. Da muka zauna cin burodi da zaitun, hannuwanmu baƙi ƙirin, ya sake yi mini tambayar da ya yi a La Mancha. Wannan karon na ba shi labarin Kwanar Gafan da kwandunan tumatir, da barci a kan buhu a Mile 12, da sunan da ake kiranmu da shi a tasha, da maigidana mai kashe rediyo. Na gaya masa abin da na yi wa ƙanwarsa da mahaifiyarsa, ban rage komai ba. Shekarunsa 13. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Shi maigidan naka yana nan da rai?" Na ce ya rasu tun ina jami'a, kuma ban je ta'aziyya ba. A nan hawaye suka zo mini, a gaban ɗana da wani dattijon da bai san abin da muke faɗa ba.

Kurduba kuwa a motar haya muka shige ta, mu huɗu, da sassafe. Masallacin yana bakin kogin da Larabawa suka kira Wadil Kabir. Abdurrahman na ɗaya ya fara gina shi wajen shekarar 785, waɗanda suka gaje shi suka yi ta faɗaɗawa, a 1236 garin ya faɗa hannun Kiristoci aka mayar da shi coci, daga baya aka gina babbar majami'a a tsakiyarsa. Da tikiti ake shiga, kuma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki. Muka ratsa farfajiyar itatuwan lemo muka shiga inuwa. Ginshiƙai sama da 800, bakuna ja da fari hawa biyu, duk inda ka juya sahu ne. Na tsaya a gaban mihrabin mai adon zinare, hannuwana a sake, na yi wa mahaifina addu'a a zuci. Uwata ta gaji da tsayuwa, na goya ta. Matata ta zo ta tsaya kusa da ni, ta gyara wa yarinyar takalmin da ke shirin faɗuwa, ta ce in nuna mata inda liman ke tsayawa.

Sun hau jirgin ƙasa bayan kwana biyu. Ta yarda Babana ya dawo tare da ni bisa sharaɗi uku: sai dattijon ya gwada motar da kansa a kan hawa, ba tuƙi tsakanin sha ɗaya na safe da la'asar, kuma duk tsayawa yaron ne zai kira ta, ba ni ba. Muka biyo ta Madrid da Burgos da Bordeaux, sama da kilomita 1,500, kwana huɗu, ba mu wuce gudun 80 ba. Kowace safiya shi ke buɗe murfin ruwa ya leƙa ya faɗi abin da ya gani. Da mun tunkari hawa sai ya miƙa hannu ya kashe rediyo.

Motar na nan har yanzu. Baƙin littafin yana hannun matata, a cikin durowar da take ajiye fasfo. Ƙarƙashin layin ƙarshe na marigayin na ci gaba da rubutu da Hausa, duk abin da na gani ko na ji, komai ƙanƙantarsa, da kwanan wata. Ba ma fita sai ta karanta. Shekara biyu Uwata ba ta yarda ta shiga motar ba, ban kuma matsa mata ba. Bana da muka shirya kwana biyu a bakin Loire ita ta fara ɗauko jakarta. Mahaifiyarta ta buɗe littafin ta ga na rubuta cewa ƙaramin tiyon na'urar ɗumama mota ya fara tsattsagewa a baki. Ta ce sai an canza. Na yi odarsa, ya iso ranar Juma'a, ni da Babana muka ɗaura ranar Asabar, muka tashi Lahadi bayan asuba.